Yadda Za Ka Ji Gaskiyar 'Yan Wasa Kan Maɓallan Gem Ɗin Da Ka Haɗa

Ranar da na fara miƙa wa wani wasan da na daɗe ina haɗawa, a ɗakina ne a Samaru, bayan la'asar. Ƙanena ne ya karɓi wayar. Wasan na faɗa ne, irin wanda jarumi ke yawo gari da daji, yana sara yana zillewa, yana tara ƙarfi da kayan yaƙi sannu a hankali. Na kafa labarinsa a tsohuwar Zazzau, zamanin ganuwa da dawaki. Ya buga kamar minti goma, ya miƙo min wayar ya ce, "Yaya, wallahi ya yi. Allah ya ƙara basira."

Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai ina zaune a gefensa, kuma da idona na ga babban yatsansa na dama ya nemi maɓallin zillewa sau uku yana faɗawa kan na shan magani. Sau ukun nan jarumin ya tsaya yana kurɓar magani, takobi na sauka a kansa. Bai ce uffan a kai ba. Ba ƙarya ya yi min ba, kara ya yi, irin wadda aka raine mu da ita: ba a kushe aikin na gaba da kai a gaban idonsa.

Duk mai neman ra'ayin 'yan wasa a garin nan na Zariya sai ya fara sanin wannan. Baki zai yaba maka, hannu ne zai faɗa maka abin da ke akwai. Kuma a wasan faɗa maɓallai su ne komai. Mutum na iya haƙuri da zane mai rauni ko labari mai ɗan gaggawa, amma in ya danna jarumi bai motsa ba, ya mutu a kan laifin da ba nasa ba, goge wasan zai yi bai gaya maka dalili ba. Ga yadda nake bi yanzu.

Mataki na farko: raba aiki da maɓalli

Kafin ka kira kowa, gyara gidanka. Kada ka rubuta a cikin lambobin wasan cewa "in an danna harafin J, a yi sara". Ka ba kowane aiki suna: sara, zille, garkuwa, magani, magana, jaka. Sannan a wuri guda ka ɗaura wa kowane suna maɓallinsa na kibod, na fad (abin da ake riƙewa a hannu a buga gem), da na fuskar waya. A Godot, ɗaya daga cikin injinan haɗa gem, wurin nan shi ne Input Map da ke cikin saitin aikin. A injin Unity kuwa akwai kunshin Input System mai yin irin wannan. Amfaninsa zai fito ranar gwaji: mutum ya tashi, ka sauya tsari cikin minti biyu kafin na gaba ya zauna.

Daga nan ɗauki takarda ka jera ayyukan bisa gaggawarsu. Zillewa da sara na cikin waɗanda ƙiftawar ido ke raba rai da mutuwa a kansu. Buɗe jaka ko yi wa ɗan kasuwa magana ba sa gaggawa. Masu gaggawa su ne za su zauna inda yatsa ke hutawa, saura su matsa gefe. Wannan takarda ita ce hasashenka, kuma gwajin da za ka yi na tabbatar da ita ne ko rusa ta.

Mataki na biyu: gina ɗan filin gwaji

Kada ka ba mutum wasan tun daga farkon labari. Zai ƙare lokacinsa yana karanta hirar sarki da fadawa, kai kuma hannunsa kake son gani. Yi fili na musamman wanda za a gama cikin minti biyar zuwa bakwai. Nawa ya fara da tafiya a kan siririyar ganuwa mai lanƙwasa, don in ga ko mutum na iya sarrafa jarumin bai faɗo ba. Sai abokin gaba ɗaya mai jan jiki. Sai biyu da ke zuwa ta dama da hagu. A ƙarshe wani ƙato da ba a cin galabarsa sai an zille, an sara, an ja baya an sha magani, a jere cikin sauri. In an mutu a dawo nan take, ba dogon jira.

Shirya tsari biyu na maɓallai, ba ɗaya ba. Mutumin da aka ba abu guda zai ce ya yi. Wanda aka ba biyu dole ya zaɓa, kuma zaɓi ba ya karya kara. Kada ka kira su "tsoho" da "sabo", don kowa zai zaɓi sabo ya faranta maka. Ni kore da shuɗi nake kiran nawa. Sannan ka riƙa juya jerin: na farko ya fara da kore, na biyu ya fara da shuɗi. In ba haka ba, tsarin da ake bugawa a ƙarshe kullum zai yi nasara, saboda kafin a kai gare shi an riga an san filin.

Mataki na uku: sa wasan ya riƙa rubuta abin da ake yi masa

Wannan aikin yamma ɗaya ne, amma ya fi duk tambayoyin da za ka yi daraja. Sa wasan ya riƙa ajiye layi guda a cikin fayil duk lokacin da aka danna wani abu: lokacin, sunan aikin, halin da jarumi ke ciki, da ko aikin ya faru ko an yi watsi da shi. A waya ka ƙara abu mafi muhimmanci: wurin da yatsa ya sauka a duk taɓawar da ba ta dace da maɓalli ko ɗaya ba. Bayan gwaji ka zana waɗannan ɗigo a kan hoton fuskar wasan. In ka ga sun taru kamar tururuwa ƙasa kaɗan da maɓallin zillewa, to yatsun mutane sun riga sun nuna maka inda suke son ka mayar da shi.

In ba ka kai ga rubuta wannan ba tukuna, Android na da abin da zai rage maka hanya. Taɓa lambar ginin wayar sau 7 a cikin bayanin waya, saitin masu haɗa manhaja zai buɗe, a ciki akwai zaɓin nuna duk inda aka taɓa. Kunna shi, ka ɗauki bidiyon fuskar wayar. A kwamfuta OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyon fuska, kyauta ne.

Ka kuma jingina wata wayar a kan littattafai tana ɗaukar hannun mai wasa, hannu kawai, ban da fuska. Nemi izini kafin ka kunna. In mace ce ka bayyana mata ƙarara abin da kyamara ke kallo, ka nuna mata hoton kafin a fara, kuma zai fi in 'yar'uwarka ce ta zauna da ita. In yaro ne ƙarami, da sanin iyayensa. Bidiyon nan na aikinka ne, ba na saka wa a Facebook ba.

Mataki na huɗu: wa za ka kira

Kuskuren da ya fi saurin kama mu shi ne tara abokai masu karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli. Suna da amfani, amma da sun zauna hira za ta koma kan wane inji ka yi amfani da shi da yadda ka rubuta kaza. Kira ɗaya daga cikinsu ya isa.

Sauran ka nemo su daga hannuwa mabambanta. Akwai yaran gidajen gem na Sabon Gari, Tudun Wada da Kwangila, waɗanda suka tashi da fad a hannu suna buga ƙwallo. Su yatsansu ya saba da wurin maɓallin gudu da na harbi, kuma za su kawo wannan sabon cikin wasanka. Akwai 'yan Free Fire da PUBG da Call of Duty na waya, waɗanda suka saba jan kowane maɓalli su ajiye inda suke so, wasu ma da yatsu uku ko huɗu suke bugawa. Akwai wanda bai taɓa buga irin wannan wasa ba sam, kuma shi ne zai nuna maka abin da ka ɗauka kowa ya sani. Nemo bahago. Nemo mai ƙaramin hannu, don maɓallin da babban yatsanka ke kaiwa ba wahala yana iya zama tafiyar yini ga ƙanwarka.

Ba ka buƙatar taro. Jakob Nielsen, masanin gwajin sauƙin amfani da manhaja, ya yi fice da shawarar da ya wallafa a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan fito da mafi yawan matsaloli, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa da a yi babba guda. Kan gwajin shafukan intanet ya yi maganarsa, amma na ga ta yi aiki a nan. Biyar ko shida a kowane zagaye, ga kowace irin na'ura. Kuma su zo da wayoyinsu. Tecno da Itel da Infinix da ke aljihun jama'a, masu tsagaggen gilashi da cikakken ma'aji, su ne filin da wasanka zai rayu a kai, ba wayarka da ka share domin aiki ba.

Mataki na biyar: zaman gwajin

Mutum ɗaya a lokaci guda. In ka yi a gidan gem, nemi mai shagon ya ba ka lungu, ka biya kuɗin lokacin, ka zo da safe ko da rana kafin a cika. Da zarar 'yan kallo sun kewaye mai wasa, ya daina wasa da hannunsa, ya koma kare mutuncinsa, kuma wani daga baya zai riƙa yi masa ihun "danna wancan!" Caja wayoyi tun dare, ka riƙe fawa-banki, don kada ɗaukewar wuta ta raba maka zama biyu.

Abin da za ka faɗa da farko shi ne mabuɗin kara. Ni ga yadda nake cewa: "Malam, ba kai ake jarrabawa ba, wasan ake jarrabawa. Aibi nake nema. Duk inda ka mutu, laifin wasan ne har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ya samo min aibi shi ya taimake ni; wanda ya ce komai lafiya ya bar ni a duhu." Ka mayar da kushe ya zama alheri, sai mutum ya samu ƙofar yin sa ba tare da jin nauyi ba. In waɗanda za su gwada ƙannenka ne ko ɗalibanka, ba wani sa'ansu ya jagoranci zaman, kai ka fita tsakar gida. Za ka sha mamakin abin da za su faɗa wa juna.

Daga nan sai ka yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya a duk jagoran nan. Za ka ga mutum na laluben garkuwa, bakinka na ƙaiƙayi. Kada ka faɗa, kada ka nuna, kada ka karɓi wayar. Ranar da baƙo ya sauke wasan a Funtuwa ko Maraɗi ba ka gefensa. In ya tambaye ka, mayar masa: "Kai a ganinka wanne ne?" Amsarsa ita ce abin da ka zo nema. Sai in ya maƙale fiye da minti biyu ka taimaka, ka kuma rubuta cewa ka taimaka.

Zauna ɗan baya, ka riƙa rubuta abin da ido ya gani da lokacinsa: ya sauke ido yana neman maɓalli a tsakiyar faɗa, ya danna abu ɗaya sau huɗu a jere, ya gyara riƙon waya, ya yarfe hannu, ya yi tsaki, ya daina amfani da garkuwa gaba ɗaya. Na ƙarshen nan a kula da shi. Aikin da mutane suka yi watsi da shi ba sa ƙorafi a kansa, don sun manta ma yana nan.

Kada ka ce ya riƙa magana yana bugawa. A wasan faɗa ba ya yiwuwa, ko dai bakin ya tsaya ko hannun. Bari ya gama, ku kalli bidiyon tare, ka tsayar a inda ya yi tsaki ka ce, "Nan me ka so yi?"

Mataki na shida: tambayoyi

"Ya ka gani?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, kuma amsarta "Ma sha Allah". Tambayi abin da ba a iya amsawa da yabo. Wane wuri ka danna bai yi ba? Wane yatsa ya fara gajiya? In dole a cire maɓalli ɗaya, wanne? Kore ko shuɗi, in da shi za ka yi awa uku? Sai wadda na fi so: kife wayar ko ka rufe fuskar da takarda, ka ce ya nuna maka inda zillewa take. In bayan minti goma na faɗa yatsansa bai san wurin ba, tsarin bai zauna ba, ko me bakinsa ya ce.

Mataki na bakwai: fassara ƙorafi

A nan aikin yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba lallai ya san wane kwano ne ya huje ba. Ɗan wasa ba ya kuskure kan abin da ya ji a hannunsa. Kan maganin ne yake yawan kuskure. Zai ce "ka ƙara masa gudu", alhali gudun lafiya lau, fara motsin ne ke jinkiri. Karɓi ciwon, ka nemo sababin da kanka.

In aka ce "yana da nauyi", abu uku nake dubawa. Na farko yawan firem, wato hotunan da wasa ke nunawa a jere cikin daƙiƙa. Wasan da ke tafiya a firem 60 cikin daƙiƙa yana sabunta hoto duk bayan milisakan 16.7 (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya), a firem 30 kuwa sai bayan 33.3. In wayar mai gwajin ta faɗo ƙasa da haka lokacin da abokan gaba suka yi yawa, nauyin daga nan yake, ba daga maɓalli ba, don haka ka sa adadin firem ya riƙa shiga fayil ɗin da wasan ke rubutawa. Na biyu zanen motsi: in jarumi sai ya ɗaga takobi a hankali kafin ya sauke, ido zai ce hannu ne ya makara. Sa wani abu ya faru a firem na farko bayan dannawa, ko juyawar kafaɗa ce ko ƙarar zare takobi. Na uku lokacin da jarumi ke ɗauka daga tsaye zuwa cikakken gudu. Rage shi ka sake gwadawa. Kana iya auna jinkirin da kanka: ɗauki yatsa da fuskar waya tare da kyamarar da ke rage saurin bidiyo, ka ƙirga hotuna daga taɓawa zuwa motsin farko. In kyamarar na ɗaukar 240 a daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 4 ne. In 120 ce, kusan 8.

In aka ce "ba ya jin magana" ko "na danna bai yi ba", koma fayil ɗinka. Sau da yawa za ka tarar an danna ɗin, amma a daidai lokacin da jarumi bai gama saran baya ba, sai wasan ya watsar da umarnin. Mutum ba agogo ba ne, yakan riga lokaci da ɗan kaɗan. Maganin shi ne ajiyar dannawa: wasan ya riƙe umarnin na ɗan lokaci, ya aiwatar da zarar jarumi ya samu sarari. Fara da milisakan 100 zuwa 150, wato firem 6 zuwa 9 a wasa mai firem 60. In ka zarce da yawa, ƙorafin zai juye ya zama "yana yin abin da ban sa shi ba". Ka kuma yanke shawara ko zillewa za ta iya katse sara a tsakiya. Wannan ba gyaran maɓalli kaɗai ba ne, shi ke tsara halin faɗanka: in tana katsewa wasan na masu zafin nama ne, in ba ta katsewa na masu lissafi ne. Duk wanda ka zaɓa daidai ne, muddin ka zaɓa da gangan.

A waya ƙorafin nan na da wasu sababan. Maɓalli ya yi ƙanƙanta: Google na ba da shawarar kada abin taɓawa ya gaza kusan milimita 9, kuma wannan na manhajar da ake dannawa a natse ne, ba a tsakiyar yaƙi ba. Sa yankin da ke karɓar taɓawa ya fi zanen maɓallin faɗi. In da Godot kake aiki, yi amfani da TouchScreenButton, wanda aka yi domin yatsu da yawa a lokaci guda. Maɓallin menu na yau da kullum zai ba ka matsala in yatsan hagu na kan sandar motsi. A kibod kuwa, kwamfutoci masu araha da yawa ba sa iya karanta wasu haruffa uku in an danne su tare. In mutum na gudu a karkace ya danna sara bai fita ba, gwada haɗin haruffan a kan kwamfutarsa kafin ka zargi lambobinka.

In aka ce "yana tafiya da kansa", kusan kullum fad ne. Analog, wato sandar motsi ta jikin fad, wanda ya sha ƙwallo shekara da shekaru a gidan gem ba ya komawa tsakiya daidai. Ana magance shi da mataccen fili, wato ɗan da'ira a tsakiya inda wasan ke yin kamar bai ga motsi ba. Fara da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, ka sa mai wasa ya iya ƙarawa da kansa. In ka faɗaɗa wa kowa domin tsohon fad ɗaya, masu sabon fad za su rasa tafiyar sanɗa. Ka duba kuma ko tafiya a karkace ta fi ta miƙe sauri: in ka haɗa gaba da gefe ba ka daidaita ba, gudun zai ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100, mutane su riƙa faɗowa daga ganuwa ba su san dalili ba.

In aka ce "kyamara na juya min kai", wato kyamarar cikin wasan da ake kallon fili ta cikinta, ka tuna babban yatsan dama ɗaya ne, ba zai iya juya kyamara yana sara a lokaci guda ba. Tun 1998 wasan Zelda na Ocarina of Time a Nintendo 64 ya shahara da maganin wannan: maɓallin da ke kafe kyamara a kan abokin gaba. A waya ma sai ka ƙara da juya jarumi da kansa zuwa ga abokin gaba mafi kusa yayin sara. Ba da damar rage saurin kyamara da juya sama da ƙasa.

In aka ce "maɓallan sun juye", ba ruɗewa mutumin ya yi ba. A fad ɗin Xbox harafin A na ƙasa, B na dama. A na Nintendo akasin haka ne. A PlayStation ma an daɗe da'ira ce ke nufin amincewa a Japan, X kuma a Turai da Amurka, sai da PS5 ta fito a 2020 aka daidaita su kan X. Fad-fad masu araha na USB kuwa kowanne da yadda yake lambata maɓallansa. Nuna hoton wurin maɓalli a jikin fad, ba harafi kaɗai ba. Haka kibod: cikin kwamfutocin gwanjo akwai masu tsarin Faransa, inda wurin W, A, S, D ke ɗauke da Z, Q, S, D, kuma irinsu ne a hannun 'yan'uwanmu da yawa a Nijar. Ɗaura aiki a kan wurin maɓalli, ba a kan harafinsa ba.

Akwai kuma abin da garin kansa ke kawowa. Da hunturu yatsu sun bushe, an shafa mai, gilashi ya yi santsi. Da bazara gumi ne, ga waya ta ɗau zafi ta rage wa kanta gudu bayan 'yan mintoci. Tsarin da ya dogara da shafa yatsa a lanƙwashe zai yi aiki a ɗaki mai fanka, ya gaza a rumfar mai shayi a watan Afrilu. Shi ya sa na bar shafa gaba ɗaya a ayyukan gaggawa, na koma dannawa zalla. Wani ƙarin dalili: tun Android 10 a 2019 shafa daga gefen fuska na iya zama umarni ga wayar kanta, don haka janye maɓallanka daga baki-baki.

Mataki na takwas: wanne za ka gyara

Ba duk ƙorafi ne aibi ba, wani sabon hannu ne, wato abin da mutum ya saba da shi. Ɗan ƙwallo zai ce gudu ya kamata ya koma inda ya saba. Hanyar rarrabewa ita ce zagaye na uku: ƙorafin sabo yakan ragu in an maimaita filin, na aibi yakan tsaya ko ya ƙaru, kuma zai fito daga bakin mutanen da ba su san juna ba. Abin da mutum ɗaya ya faɗa ka rubuta. Abin da hannun mutum uku ya nuna ka gyara. Duk da haka sabo ma na da haƙƙi. In yawancin masu buga wasanka sun zo da shi, yaƙi da shi asara ce sai in kana da dalili mai ƙarfi.

Gyara abu ɗaya ko biyu kafin zagaye na gaba. In ka matsar da maɓalli, ka ƙara ajiyar dannawa, ka rage nauyin takobi duk a dare ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma ka kawo sababbin mutane a kowane zagaye, ko da biyu ne, don tsofaffin sun riga sun koyi zama da aibin.

Ba mutane damar sauya maɓallai da kansu, da ja su a fuskar waya, da ƙara musu girma, da juya tsarin gaba ɗaya domin bahago, da zaɓar ko garkuwa a danne ake riƙe ta ko dannawa ɗaya ta isa. Mai ciwon hannu ko wanda ya rasa yatsa, wannan ne kaɗai zai ba shi damar bugawa. Amma kada wannan ya zame maka mafaka. Mutane da yawa ba za su taɓa buɗe saiti ba. Tsarin da suka tarar shi ne wasanka a wurinsu.

Mataki na tara: waɗanda ke nesa

In ka fara tura wasan ta WhatsApp, rage girman fayil ɗin gwargwadon iko, don data kuɗi ce, kuma ya dace ka tura wa masu taimakonka ɗan kati. Rubuta lambar siga a kusurwar fuska yadda za ta fito a kowane hoto, in ba haka ba za ka kwana kana neman aibin da ka gyara tun makon jiya. Sa maɓalli ɗaya da zai tura maka fayil ɗin dannawa, ka faɗa musu abin da ke cikinsa. Nemi saƙon murya maimakon rubutu. Mutumin da zai rubuta "ya yi kyau" yakan yi minti biyu yana bayani in magana ce. Kuma ka tambayi kowa shi kaɗai. A guruf, wanda ya fara magana, musamman in babba ne, shi kowa zai bi.

Da na dawo kan ƙanena bayan mako biyu, na riga na sauko da zillewa zuwa inda ɗigon yatsu suka taru, na ƙara mata girma, na kai magani can sama inda sai an miƙa yatsa da niyya. Ban gaya masa na taɓa komai ba. Ya kayar da ƙaton a karo na biyu, bai sha magani bisa kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya gama ya ajiye wayar, ya murza babban yatsansa na hagu, ya ce, "Yaya, wannan sandar tafiyar fa tana gudu daga ƙarƙashin yatsana in na ja ta sama." Na rubuta. Ita zan kai Tudun Wada ranar Asabar, kafaffiya a tsarin kore, mai bin yatsa a tsarin shuɗi.